Gajerun Bindigogin Harbin Barewa na Amurka da Mas'alar Harsashinsu

A arewa maso gabashin Amurka, a jihohin Pensilbaniya da Niyok da Vermont da Maine, inda itatuwa ke cunkushe har mutum ba ya hango abin da ke gabansa fiye da taku sittin ko saba'in, akwai wata irin bindiga da maharban barewa suka gada daga iyayensu, wadda har yau, ko da yake an daina ƙera galibinta, ba su daina nemanta a kantunan tsofaffin kaya ba. Ita ce wadda ake ɗura mata harsashi ta hanyar zuge katakon da ke ƙarƙashin bututunta, a ja baya kwanso ya fita, a tura gaba sabon harsashi ya shiga, alhali ƙotar na kafaɗa, ido kuma bai bar kan dabba ba. Kada mai karatu ya ɗauka irin wadda 'yan sintiri ke ratayawa a ƙasarmu ce, mai watsa ƙwayoyin dalma. Wannan ƙwaya ɗaya tak take fitarwa, cikin bututunta kuma akwai tsaga mai murɗewa wadda ke juya harsashi ya tafi sak.

Wanda ya fita neman gajeriyar irinta zai tarar da mas'aloli biyu, waɗanda mutane kan cakuɗa su. Ta farko, wane awon harsashi maƙera suka yi wa gajeriyar tun asali. Ta biyu kuwa, wane ne daga cikinsu har yanzu ake samu a kanti. Awon nan lamba ce da ake bugawa a jikin bindiga: .30-06, alal misali, na nufin faɗin bakinta kashi 30 cikin 100 na inci ne, sojan Amurka kuma sun karɓi harsashin a 1906, amma a .44-40 lamba ta biyu nauyin albarushi ce. Ba a musanya ɗaya da ɗaya, ko da faɗinsu ya zo daidai, domin kowanne da tsawon kwansonsa da siffarsa.

Kamfanin Remington ne ma'abocin wannan fage. Gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fito da samfuri mai lamba 14, wanda John Pedersen ya zana, aka yi shi a awo huɗu na kamfanin kansa, wato .25 da .30 da .32 da .35 Remington, aka kuma yi masa ƙane mai suna 14R wanda bututunsa inci 18 da rabi ne, kimanin santimita 47. Duk wanda ya taɓa riƙe ta zai lura da abu biyu. A gefen hagu an kafa gindin kwanso na tagulla mai ɗauke da lambar awonta, yadda ko jahili ba zai yi kuskure ba. Sa'an nan bututun ajiyar harsashi da ke ƙasa an yi masa murɗi, saboda harsasai su kwanta a karkace, kada tsinin na baya ya daki maƙyallin wutar da ke gindin na gaba idan bindiga ta yi harbin baya. Akwai kuma 14½, wanda aka yi a .38-40 da .44-40, harsasan zamanin baƙin albarushi. A tsakiyar shekarun 1930 samfuri 141 ya gaje su, ya yi ta fita har 1950, sai dai gajerensa nadiran ake cin karo da shi.

To, a nan ne ƙaddara ta raba 'yan'uwan nan huɗu. Na .25 ya fara mutuwa, na .32 ya bi shi, na .30 ya jima yana jan ƙafa kafin manyan kamfanoni su daina ɗura shi, alhali a wajen aiki ba shi da wani bambanci da .30-30 na Winchester, wanda tun 1895 yake kasuwa, kuma har gobe babu kantin ƙauyen da za a rasa shi. Abin da ya raba su ba fifikon kisa ba ne. Winchester da Marlin da Savage duk sun ƙera bindigogi masu cin .30-30, miliyoyi, shi kuwa .30 Remington kusan a gidan ubangidansa kaɗai ya zauna, da ubangidan ya juya masa baya sai ya rasa mai ɗaukarsa. Na .35 ne kawai ya tsira, kuma a ganina Marlin ne ya cece shi, da ya sa shi a samfurinsa mai lamba 336 wajen 1950. Ƙwayarsa mai nauyin giram 13 ga ta da faɗi, maharban kurmi kuma sun yi ittifaƙi a kan cewa barewar da ta same ta ba ta nisa. Duk da haka ba kullum ake ɗura shi ba, sai lokaci lokaci, shi ya sa masu shi kan saye da yawa su adana idan sun gani.

A 1952 aka shiga wani babi da samfuri 760, wanda ake wa laƙabi da Gamemaster. An jefar da bututun ajiya, aka sa akwati mai cirewa mai cin harsashi huɗu, an kuma ƙarfafa makullin ciki yadda zai jure matsin manyan harsasai masu tsini, don haka aka fara da .30-06 da .300 Savage da .35 Remington, daga baya aka yi ta ƙari, su .270 da .308 da .243 na Winchester, da .257 Roberts, da .280 Remington, har da ƙanana irin .222 da .223. An ƙera fiye da miliyan ɗaya kafin 7600 ya karɓe shi a 1981. Amma duk wannan yalwa ta mai bututun inci 22 ce. Gajeren, da ya zo wajen 1960, a awo 'yan kaɗan aka taƙaita shi: mafi rinjaye .30-06, sai .308 da .270, sai kuma .280 wanda bai daɗe ba, wanda a yau masu tara kayan tarihi ke biyan kuɗi mai tsoka a kansa. Haka Savage ya yi da samfurinsa 170 na shekarun 1970, dogon a .30-30 da .35 Remington, gajeren a .30-30 kaɗai.

Wannan rowa tana da hujjoji biyu, ɗaya ta kasuwa, ɗaya ta ɗabi'ar albarushi. Ta kasuwa a fili take, tun da masu son gajeriya ba su da yawa, kamfani kuwa ba zai kafa injin don mutum ɗari ba. Ta albarushi ita ce ta fi cancantar bayani. Shi albarushin zamani ba fashewa yake yi nan take ba, ci yake yi, yana tura ƙwaya muddin tana cikin bututu. Idan kwanso babba ne baki kuma ƙarami, kamar .270, akan sa albarushi mai jinkirin ci, wanda ke bukatar tsawo kafin ya gama aikinsa, sai ya zama in an rage inci uku da rabi, wani kaso na ƙarfin ya tafi a banza a bakin bindiga, ya zama harshen wuta da ƙara mai toshe kunne. Harsashi mai matsakaicin kwanso da faɗin baki, irin .308 ko .35, asararsa kaɗan ce. Da ƙiyasi ake bi, da waɗannan biyu ne za su cika gajerun bindigogi, amma mutane .30-06 suka sani tun daga soja, shi suka nema, shi aka ba su.

Kada a manta da hukuma. Pensilbaniya, wadda tana cikin jihohin da suka fi yawan maharba, ta haramta harbin barewa da bindiga mai ƙwaya ɗaya mai ɗura kanta, saboda haka wanda ke son harbi na biyu cikin hanzari yakan koma ga mai zugewa. A Vermont kuma Larry Benoit da 'ya'yansa, waɗanda suka shahara da bin sawun ƙasaitattun barewa a kan dusar ƙanƙara tun safe har magariba, sun sa gajeriyar 760 ta yi suna, domin mai ratsa sarƙaƙiya yini guda ya san nauyin kowane inci.

Shaharar nan ta haifar da wata fitina ga mai saye. Da yawa daga gajerun da ke yawo a kasuwa dogaye ne aka kai wa maƙeri ya datse, abin da doka ba ta hana ba matuƙar bai gaza inci 16 ba, kuma ba ya hana su harbi, sai dai darajarsu ba ta kai ta asali ba. Masana kan duba rubutun jikinta, su duba yadda aka kafa saitin gaba da yadda aka gyara bakin. Wanda kuwa aka nuna masa gajeriyar 760 a .257 Roberts ko .300 Savage, ya kamata ya yi shakka tun kafin a faɗi kuɗi.

Wanda ya gaji 14R a .32 ko .25 Remington, zaɓinsa bai wuce ya nemi tsofaffin kwalaye a wajen gwanjo ba, ko ya koyi ɗura harsashi da hannunsa, yana tattara kwanso yana matse bakin na .30 ko buɗa shi har ya dace. Kamfanin Remington kansa ya karye a 2020, aka sayar da sashen bindiga dabam, na harsashi dabam, tsohuwar masana'antar Ilion ta jihar Niyok, inda aka ƙera waɗannan bindigogi, aka rufe ta a 2024, ga shi kuma babu wani dalili na kasuwa da zai sa sababbin masu shi su koma ɗura awon da masu bukatarsa ke raguwa kowace shekara.