Dusar ƙanƙarar da ke yawo a wayoyinmu: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?

Da zarar hunturu ya kankama, hotunan nan sukan dawo wayoyin mutanen Mallawa, Dungas da Magarya: jan rairayi lulluɓe da fari fat, ko mutane suna gangarowa daga dutse bisa dogayen alluna biyu. Sai a liƙa musu bayani, wai Agadas ce, wai Sahara ta juye. Da yake 'ya'yan yankin nan da yawa suna bin hanyar Aljeriya neman abin kai, maganar ta wuce hirar bakin kasuwa.

Cewa dusar ƙanƙara na sauka a Sahara gaskiya ne. Hotunan da suka fi yaɗuwa daga Ain Sefra suke, wani gari a arewa maso yammacin Aljeriya, kusa da iyakar Maroko, mai tsawon kusan mita 1,000 daga teku. Ta sauka can a Fabrairun 1979, da Disamban 2016, da Janairun 2018, kuma ba ta daɗewa take narkewa. Tsakaninsa da Agadas tafiya ce mai nisan gaske. Dutse mafi tsawo a Nijar, Bagzan na ƙasar Ayar, mita 2,022 ne. Darensa na da sanyi mai ratsa ƙashi, amma babu wurin wasan zamiya a can, kuma duk wanda ya ce akwai ya faɗi son ransa.

Masu cewa sai Turai ake wannan wasa su ma sun yi kuskure. Maroko na da Ukaimeden a tsaunukan Atlas, kudu da Marakesh, mai tsawon mita 2,600, kuma kujerun da ke tafiya a kan waya sukan ɗaga mutum har sama da mita 3,000. Aljeriya na da Shireya kusa da Bilida, Lesoto na da Afriski, inda lokacin sanyinsu ke faɗowa tsakanin Yuni da Agusta, muna tsakiyar damina. Sai dai a Ukaimeden ba kowace shekara dusar ke wadata ba, musamman da farin da ya addabi Maroko a shekarun nan.

Waccan dusa mai zurfi da ake gani mutum na nitsewa har ƙugu, wuraren da suka yi suna da ita su ne irin Niseko a tsibirin Hokkaido na Japan. Iska mai tsananin sanyi daga Saiberiya takan ɗebo danshi a kan teku, ta sauke shi a kan tsaunukan, abin da ke zuba a shekara ya haura mita 10. Ba ta da alaƙa da ƙanƙarar damina mai kashe gero da fasa kwano, wadda dunƙulallen ruwa ce daga hadari. Wannan sassauƙa ce kamar garin da aka tankaɗe, mafi yawanta iska.

Jita-jitar da ta fi damuna ita ce ta cewa wanda ya saba da hunturun Damagaram ba ya tsoron sanyin ko'ina. Wannan tana iya kisa. A Ifran ta Maroko an auna digiri 23.9 ƙasa da sifiri a 1935, sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka. Matafiyinmu ma ba sai ya je can ba: bayan Arlit da Asamaka, a tsaunukan Hoggar da ke kewaye da Tamanrasat, ruwa kan daskare da dare, kuma mutanenmu kan isa da riga ɗaya da silifa, wasu da goyo. Taushin dusar ma yaudara ne, domin idan ta zabtaro daga gangare takan binne mutum, kuma hasken rana da take mayarwa yana ƙona ido. Cin ta don kashe ƙishi yana ƙara sanyaya jiki. Idan yatsu suka yi fari suka daina ji, kada a murza su, kada a kanga su a wuta. A tsoma su cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, a cire jiƙaƙƙen tufafi, a nemi asibiti.