Sakan 43 da suka jawo wa GitHub wahalar kwana guda

Ranar 21 ga Oktoba 2018, ana cikin sauya wata na'urar sadarwa da ta fara lalacewa, sai layin babbar cibiyar GitHub da ke gabashin Amurka ya yanke. Sakan 43 kacal ya yi ya dawo. Amma wannan dandali da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu bai koma daidai ba sai bayan awa 24 da minti 11.

Duk kamfanin da ya san ciwon kansa ba ya riƙe rumbun bayanai guda ɗaya. Akwai babban rumbu da ake rubutawa a ciki, akwai kuma na ko-ta-kwana a wani gari, wanda ke karɓar jerin duk canjin da aka yi yana maimaitawa bi da bi. In babban ya faɗi, sai a ɗora na biyun a kujerarsa. Kamar ɗan kasuwa ne mai littafin bashi biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, yaronsa na kai labari tsakani.

Wahalar tana cikin kai labarin. Ko dai babban rumbu ya jira na biyu ya ce saƙo ya iso kafin ya sallami mai hulɗa, ko ya sallame shi nan take, saƙon ya bi baya. Jira ya fi aminci, sai dai yana da tsada: tsakanin gabas da yammacin Amurka akwai kusan kilomita 4,000, haske kuwa a cikin wayar gilashi ba ya wuce kimanin kilomita 200,000 a sakan. Kowane rubutu sai ya je ya dawo. Shi ya sa da yawa ke zaɓar rashin jira, su haƙura da cewa kwafin yana ɗan baya kaɗan.

Wannan ɗan giɓin ne ya kama GitHub. Da layi ya yanke, manhajar Orchestrator mai lura da rumbunan MySQL ɗinsu ta yi abin da aka tsara mata, ta naɗa rumbunan ko-ta-kwana da ke yamma su ja ragama. Alhali na gabas na riƙe da rubutun 'yan sakanni da bai ƙetara ba. A ɗaya daga cikin rukunan da suka fi cunkoso, rubutu 954 ne. Yamma kuma ta ci gaba da karɓar sabo har kusan minti 40. Kowane ɓangare ya mallaki abin da ɗayan ba shi da shi. Wanne za a zubar?

Injiniyoyin suka ƙi zubar da ko ɗaya, kuma a ganina sun kyauta. Sun yarda aiki ya yi ta jan ƙafa, suka sake gina rumbunan gabas daga ajiyar baya, suka jira su kamo na yamma, sannan suka bi ragowar rubutun suna daidaitawa.

Ajiyar bayan nan ita ta fitar da su, domin kwafi mai bin sawu ba ya maye gurbinta. Abin da aka goge a babban rumbu bisa kuskure, cikin ƙiftawar ido za a goge shi a kwafin ma. Daga baya GitHub ta gyara Orchestrator, ta hana ta ɗauke shugabanci daga wannan yanki zuwa wancan da kanta.