Gidan Dutsen Da Ya Fi Gonarsa Tsawon Kwana

A bayan birnin Nairobi na ƙasar Kenya, daura da duwatsun Ngong, akwai wani tsohon gidan gona wanda yanzu yake hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta ƙasar. Wani injiniya mutumin Suwidin, Ake Sjogren, shi ya gina shi cikin 1912. A 1917 Karen Blixen, marubuciyar nan ta ƙasar Denmak, da mijinta suka saye shi domin su zauna kusa da gonarsu ta gahawa.

Gidan ba bene ba ne. An tayar da bangonsa da sassaƙaƙƙen dutse, aka rufe shi da jan tayil, sa'an nan aka fitar da faffaɗar baranda mai ginshiƙai, wadda take tare rana da feshin ruwa kafin su kai ga tagogi. Amma abin da zai ba baƙo mamaki shi ne murhun jin ɗumi da ke cikin falo, da katakon da aka lulluɓe bango da shi ta ciki. Dalili kuwa, wurin yana kan tudu mai tsawon wajen ƙafa 6,000, inda dare yake zuwa da sanyi mai ratsa jiki. Dutsen yakan sha zafin rana, ya riƙa sakinsa sannu a hankali bayan almuru.

Madafa kuma ba a cikin gidan take ba, an keɓe mata ɗaki can gefe. Wannan ya nisanta hayaƙi da gobara daga masu gida, haka nan ya nisanta kuku da barori 'yan ƙasa. Tsarin ginin bai ɓoye matsayin kowa ba a zamanin mulkin mallaka.

Tudun da ya sa gidan daɗin zama shi ya kashe gonar, domin ya yi wa gahawa tsawo. Bashi ya yi kanta, aka sayar da ita a 1931, Karen ta koma gida. Daga baya aka yanka filin fuloti-fuloti, ya zama unguwar da ake kira Karen.

Gwamnatin Denmak ta sayi gidan, ta ba Kenya kyauta a 1964 don murnar samun 'yancin kai. An buɗe shi ga masu ziyara a 1986, shekara guda bayan fitowar fim ɗin Out of Africa.