Takardar Mai Unguwa Ba Ta Isa Ba: Cinikin Gida a Gusau

Duk wanda ya nemi gidan saye a Gusau a 'yan shekarun nan ya san maganar da dillalai ke rufe bakin mutum da ita: "Alhaji, in ba ka ajiye kafin alƙalami yau ba, akwai wanda zai biya gobe da safe." Sau da yawa kuma ba ƙarya suke yi ba. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 jama'a ke ƙaruwa, Jami'ar Tarayya ta zo a 2013 da nata ma'aikata da ɗalibai. Sai kuma dalili mafi ɗaci: 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, duk mai ɗan hali ya karyar da abin da ya rage masa ya nemi matsuguni a Tudun Wada ko Samaru ko Damba, wanda bai kai nan ba ya tsaya cikin garin Tsafe ko Bunguɗu. Siminti da rodi sun yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin mai a 2023, ginannen gida ya zama abin rububi.

A cikin wannan gaggawa ake tafka kuskuren da ya fi damuna. Tun da gwamnatin Dauda Lawal ta fara aikin sabunta birnin Gusau, zancen diyya da takardu ya shiga majalisu, kuma har yanzu za ka ji mai ilimi yana rantsuwa cewa muddin mai unguwa ya sa hannu, shaidu biyu sun dangwala, to gida ya zama nasa, babu mai ja da shi. Wannan takarda shaida ce cewa ka biya kuɗi. Tana da amfani a gaban alƙali, amma ba ita ke mayar da haƙƙin ƙasa zuwa sunanka ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amanar jama'a. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, yawanci na shekara 99. Sashe na 22 ya ce a birni wannan izini ba ya tashi daga wani zuwa wani, ta sayarwa ko jingina, sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya kauce wa dokar ɓatacce ne. Wasu na cewa ai gidan kakanni ne a Birnin Ruwa, ya girmi dokar. Kotun Ƙoli ta amsa wannan tun 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo: tsohon gidan birni ma sai da amincewar. Banki guda ya rasa jinginarsa a kan haka, balle malamin firamare.

Har wanda aka miƙa wa ainihin takardar shaidar mallaka bai gama ba matuƙar sunan mai sayarwa ne a kanta. Kamar wanda ya sayi saniya ne, ya ƙirga kuɗi, aka yi sallama, amma ya bar igiyar a hannun mai ita. In mai gaskiya ne, lafiya lau. In ya rasu, magadansa su tarar da igiya a gida. In bashi ya ci shi, masu bin sa su kama ta. In kuwa marar tsoron Allah ne, ya ja ta wata kasuwa ya sake sayarwa.

Gidan gado ya fi kowanne tarko. Babban wa ya tashi ya sayar da gidan da ba a raba ba, ƙanne mata na ɗakin aure ba su sani ba. Ba ya da ikon sayar da abin da ya wuce rabonsa. Ko rabonsa kaɗai ya sayar, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi abokin tarayya yana da haƙƙin shufa'a: ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi kason. Wanda ke nan kuma ya sani, haƙƙinsa na faɗuwa bayan shekara, amma wanda ba ya nan yana nan da haƙƙinsa ko da ya daɗe. A jihar da rashin tsaro ya warwatsa dangi zuwa Funtuwa da Kano da Sakkwato, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kada a saki kuɗi sai an ga takardar rabon gado ta kotu.

Dillali kuwa la'adarsa yake nema, ba ya samun ta sai ciniki ya faɗa, don haka ba shi ne zai ce maka ka dakata ba.

Ban ɗora wa talaka laifin duka ba. Mutane na gudun ofis ne saboda tsoron jeka-ka-dawo da kuɗin da ba su san iyakarsa ba. Jihar na da hukumar ZAGIS mai tattara bayanan filaye a kwamfuta. Ya kamata a riƙa shelanta kuɗin bincike da na sauya suna a rediyo da Hausa, a kuma kusanto da hidimar ga mutanen Tsafe da Bunguɗu, inda mai saye zai fara da sanin ko gidan na cikin yankin da gwamna ya ayyana birni, ko a hannun ƙaramar hukuma yake. Mai unguwar da aka kama ya sa hannu a kan fili ɗaya sau biyu, masarauta ta hukunta shi a bainar jama'a.

Mai saye, ka nemi kwana uku kafin ka ajiye ko sisi. Ka kai lambar filin ofishin ƙasa a duba, ka tambayi maƙwabta tarihin gidan da inda ruwa ke bi da damina, ka biya ta banki. Mai gidan da ya ƙi ba ka kwana uku, bar masa gidansa.