Kwalejin Ƙaura Namoda: Yadda ɗalibai ke karatu a arewacin Zamfara cikin fargabar hanya

Ɗalibin da ya samu gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, tambayar farko da ake yi a gidansu ba ta kwas ba ce. Ta hanya ce: ƙarfe nawa za a tashi, wace mota za a shiga, kuma a tabbata an isa kafin la'asar.

Daga Gusau zuwa Ƙaura tafiyar kusan kilomita 60 ce. Ga wanda ya fito daga Shinkafi ko Zurmi kuwa, ba nisan ne abin dubawa ba. Hanyoyin sun ratsa yankunan da 'yan bindiga suka daɗe suna tare matafiya, shi ya sa ɗalibai da dama kan zauna har ƙarshen zango ba su leƙa gida ba.

An kafa kwalejin a 1983, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, shekara 13 kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996. Garin da ke bakin kogin Gagere ya saba da baƙi tun da daɗewa, domin a nan layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a 1929, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga. Jirgin ya yi shiru. Yanzu kwalejin ce ke kawo baƙin.

Abin da ba a rubuta a takardar shaida

Tsarin karatun irin na sauran kwalejojin fasaha ne da hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ke sa wa ido: shekara biyu ta ƙaramar difloma, wato ND, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan shekara biyu ta babbar difloma, HND, daga nan sai hidimar ƙasa.

Amma ko injiniya ɗalibi yake karantawa ko akanta, dole ya zauna a azuzuwan GNS, inda ake koyar da Turancin aiki da haƙƙoƙin ɗan ƙasa, ga kuma darasin dogaro da kai. A Amurka akwai ƙananan kwalejoji da aka gina kacokan a kan wannan tunani, cewa matashi ya ɗanɗana tarihi da harshe da lissafi kafin ya kama fanni ɗaya. A nan 'yan sa'o'i ne a mako, kuma ɗalibai kan raina su, har sai ranar da aka ce mutum ya rubuta takardar neman aiki ko ya tsaya ya kare aikin bincikensa a gaban malamai.

Sauran karatun a ɗakin kwana ake yin sa, ko a gidan haya cikin gari. Yaron da ya tashi a ƙauyen Zurmi, bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da wanda ba Bahaushe ko Bafulatani ba, sai ga shi yana raba tukunya da Bayarabe ko ɗan Binuwai. A nan yake koyon auna garin kwaki ya kai ƙarshen wata, da riƙe kuɗin karo-karo, da yin gardama ba tare da an kai ga dambe ba. Ƙungiyoyin addini irin su MSSN da FCS, da na 'yan jiha ɗaya, su ne wuraren da mai kunya ke fara riƙe lasifika.

Ga 'yan mata lamarin ya fi nauyi. Iyayen da ba za su tura 'yarsu Zariya ko Kano ba kan amince da Ƙaura saboda kusa ce, akwai kawu ko gwaggo a gari. Da yawansu, in ba nan ba, karatun ya tsaya ke nan a sakandare.

Shekarar da layin waya ya ɗauke

Waɗanda suka yi karatu tsakanin 2020 da 2021 sun ga jarrabawa iri-iri. Korona ta rufe makarantu daga Maris na 2020. Ƙungiyar malaman kwalejojin fasaha, ASUP, ta yi yajin aiki daga Afrilu zuwa Yunin 2021. A Fabrairun shekarar aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, a Agusta kuma aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura.

Sai a farkon Satumba aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako. Ɗalibin da ke jiran a turo masa kuɗi ta banki ba shi da hanyar sanin ko sun shigo, mahaifin da ke sayar da hatsi ko dabba ya biya kuɗin makaranta kuma ba shi da kasuwar da zai kai.

Sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, a Satumban 2023, ya ƙara tsorata masu zama wajen makaranta a duk jihar. Cire tallafin fetur a Mayun wannan shekarar kuma ya sa kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya haɗa da kwalejojin fasaha na gwamnati, sai dai ta intanet ake nema, kuma sai da lambar NIN da BVN.

Bayan an gama

Akwai wani ƙalubalen da ke jira a bakin ƙofa: bambancin da masu ɗaukar aiki ke nunawa tsakanin HND da digiri. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin kawar da shi a 2021, amma Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka a 2023 bai sa hannu ba. Abin takaici ne a ce wanda ya shafe shekara biyar, ɗaya daga ciki a wurin aiki, ya fara daga baya.

Shi ya sa wasu ke sake komawa jami'a neman digiri, wasu kuma ba sa jira. Su kan kama shago a Ƙaura ko Gusau, gyaran waya, haɗa wutar sola ko zanen gini, sau da yawa tare da abokin da suka raba ɗaki da shi tun shekarar farko ta ND.