Yadda Hannun Uwa Yake Koyar da Jariri

'Yan'uwa, mu lura da uwa sa'ad da take nuna wa jaririnta shan kunu da ludayi. Takan matso dab da shi, ta ɗaga ludayin a hankali har idonsa ya bi, ta dakata kaɗan, ta kai baki, ta dube shi, sa'an nan ta sake daga farko. Sau uku, sau huɗu, kafin ta miƙa masa. Da maƙwabciyarta ce take nuna wa, da sau ɗaya ya isa.

Masana sun bincika wannan hali. A shekara ta 2002, a Amurka, Rebecca Brand da Dare Baldwin da Leslie Ashburn suka ba iyaye mata waɗansu sababbin kayan wasa. Waɗansu suka nuna wa manya yadda ake amfani da su, waɗansu kuma suka nuna wa jariransu 'yan wata 6 zuwa 8, da 'yan wata 11 zuwa 13. Masu nuna wa jarirai sun fi matsowa kusa, sun fi buɗe motsin hannu, sun sauƙaƙa aikin, sun yi ta maimaitawa. A 2008 kuma aka ga jarirai sun fi tsayawa kallon irin wannan nuni a bidiyo, ko da an dusashe fuskar mai nunawa. Ashe motsin ne da kansa yake riƙe idonsu.

Ga dalili. A idon jariri aikinmu kamar ruwan rafi yake, bai san inda ɗauka ta ƙare, sha ya fara ba. Dakatawar nan ita take yanka masa aikin gunduwa-gunduwa. Duban da uwa take yi masa kuwa yana gaya masa cewa wannan nasa ne, yă kula.

Abin ya shafe mu ƙwarai, domin daga wata 6 ne yaro yake fara cin abinci tare da nono. Da damina uwa tana gona, yayarsa ce take raino, yara kuwa ba su da haƙuri, sukan ƙwace ludayin su ɗura masa. Bari mu nuna musu su rage sauri, su bar shi ya riƙe da kansa. Haka ma wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Ubanni kuma kada mu ce wannan wasan mata ne.

Kunun zai zube a riga, babu shakka. Sai a riƙa zuba kaɗan-kaɗan a ƙwaryar.