Ku Nemi Saiwar Kalma



Wata ɗalibata ta zo mini idonta jawur, wai kowane dare takan haddace kalmomin Turanci ashirin daga ƙamus, kafin gari ya waye duk sun gudu. Ga jarrabawa ta matso. Na ce mata, “Ke, ganye kike tsinka, kin bar saiwa.”

Ku duba Hausarmu. Wadda ta san dafa, ba sai an gaya mata ma'anar dafuwa ko madafa ba. To, Turanci ma haka yake. Kalmominsa da yawa, balle dogayen nan masu firgita yara, daga Latin suka fito, wato harshen Rumawan dā. Waɗansu sun biyo ta Faransanci bayan mutanen Normandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066, waɗansu kuwa masana ne suka ɗebo su daga littattafai.

Ga saiwa guda, port, daga portare, wato ɗauka. Porter ɗan dako ke nan. Ex na nufin waje, saboda haka export shi ne fitar da kaya ƙasashen waje, kamar gyaɗar nan da aka riƙa yi wa dala a Kano a zamanin dā. Import kuwa shigo da su. Trans ƙetarawa, sai transport ya zama jigila. Portable, abin da ke ɗaukuwa. Kun ga saiwa ɗaya ta ba mu biyar.

Haka scrib ko script, rubutu. Pre na nufin kafin, to prescription shi ne abin da likita ya rubuta kafin a ba ki magani. Manus hannu ne, manuscript rubutun hannu. Af, likitan ma daga doctor muka aro shi, asalinsa kuwa docere, koyarwa. Ashe da ni da likita sana'armu ɗaya!

Amma a yi hattara. Yarinyar nan da ta ji daɗin dabarar, sai ta fassara mini manual labour da aikin maza, don ta ga man a ciki. Aikin hannu ne, har da dakan da muke yi. In kin yi hasashe, ki buɗe ƙamus ki tabbatar.

Yanzu ta tanadi ɗan littafi, kowane shafi saiwa guda. Duk kalmar da ta tsinta a jarida ko a jikin gwangwanin madara, sai ta kai ta gidan danginta. Wannan mako tana kan vid da vis, wato gani.